Wa Ya Ɗaure Sarƙar Babur Ɗina a Serti?

Zuwa ga Alhaji Ciyaman,
Shugaban ƙungiyarmu ta masu doguwar tafiya a kan babur, ta nan ƙetaren kogin Kaduna.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ina gaida 'yan kwamiti, da duk wanda muka taɓa raba ruwan gora ɗaya da shi a bakin hanya.

Ni ne Ishaya na Mahuta, wanda kuke ce wa Baba Kudenda saboda shekara ashirin da biyu ina kula da injuna a wata masana'anta da ke can. Ni ne wanda sarƙar babur ɗinsa ta tsinke a hawan Mambila wata huɗu da suka wuce. Ni na faɗi, fatar gwiwata ce ta zauna a kan kwaltar nan, amma har yau babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi. An yanke hukunci da sunana, an kori bakanikenmu Oga Nedu da sunana, ni kuwa ina zaune kamar an ɗinke mini baki. Yau na buɗe shi.

Na san za ka ce me ya hana in same ka a gida. Da a ɗaki aka ɓata sunan mutumin nan, wallahi da a ɗaki zan same ka, mu sha shayi mu kashe magana. Amma a gaban mutum talatin ka faɗa, aka kuma rubuta a guruf ɗinmu na waya, daga can maganar ta zagaye Kakuri da Sabon Tasha. Inda aka shafa masa baƙin fenti, nan za a wanke shi. Ga bayanina daki-daki.

Na farko, yadda Oga Nedu yake aiki.

Saboda waɗanda suka shigo ƙungiya kwanan nan: Oga Nedu mutumin Gabas ne, ya zo Kaduna yana saurayi, shekararsa ashirin da shida a rumfa ɗaya a Kakuri yana gyaran babur. Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya. Shekara goma sha huɗu babu hannun da ya taɓa injina sai nasa. Da gyaransa na je Sakkwato, na je Yola, na je Kalaba na dawo, abin da ya taɓa tsayar da ni bai wuce faci ba.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa tsiya a kai. In ka ce masa doguwar tafiya za ka yi, ba ya ɗaure maka sarƙa babur yana tsaye babu kowa a kai. Akwai buhunan yashi biyu a rumfarsa, sai ya ɗora su a baya a madadin kayanka, ya ce, "Oga, hau ka zauna, kar ka ɗaga ɗuwawu." Kana zaune kamar ɗan acaɓa mai jiran fasinja, shi yana durƙushe yana taɓa sarƙa da yatsa, yana juya noti kaɗan-kaɗan. In ya gama sai ya ɗiga fenti ruwan ɗorawa a kan notin da jikin ƙarfen, ɗigo biyu suna kallon juna.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. In nauyi ya hau babur, baya yana nutsewa, tayar baya ta ɗan ja da baya, sarƙa ta miƙe. Sarƙar da ka gani tana lilo babur yana tsaye fayau, ita ce daidai in an ɗora kaya da mutum. Wadda kuma ka ɗaure tamau babu kaya, in kaya suka hau ba ta da inda za ta numfasa. Mai yawo cikin gari daga Kamazou zuwa kasuwa zai iya ɗaure tasa yadda ya ga dama don kar ta yi masa ƙara. Mu da muke ɗaukar jaka uku da jarkar mai mu hau dutse, ba haka namu yake ba. Kwana biyu kafin mu tashi na zauna a kan babur ɗina da buhunan nan, Oga Nedu ya sa mini sabuwar sarƙa a gabana, ya ɗaure, ya ɗiga fentinsa.

Na biyu, abin da aka yi a Serti.

Mu goma sha ɗaya muka tashi, da motarka mai bin mu da kaya. A da Oga Nedu ne yake shiga motar nan. A wannan tafiyar ka ce babu wuri, ka sa Malam Garba, bakaniken da ke gyara maka motoci. Ba ni da ta cewa a kan Malam Garba. In mota ce, ko ido rufe zai kwance ta ya mayar. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar Lahadi da safe, kwana na uku da barinmu Kaduna, muna masauki a Serti, ka ce za a yi binciken babura kafin a hau dutse. Tunani mai kyau ne, na yarda. Sai dai a lokacin kayanmu duk suna cikin ɗakuna, baburan suna jere a tsakar gida babu ko hular kwano a kansu. Malam Garba ya bi layi yana taɓa kowace sarƙa da bakin sifana. Da ya zo kan tawa ya ɗaga ta ya sake, ya ce, "Kai, wannan ai lilo take yi, wane ne ya bar ta haka?" Na ce masa da gangan aka bar ta, in na ɗora kaya za ta zauna daidai. Kai kuma ka ɗago daga shan shayinka ka ce duk babur ɗin da bai tsallake bincike ba, ba zai hau dutse da tutar ƙungiya ba, kuma ba ka son gardama da sassafe.

Babur huɗu aka ɗaure wa sarƙa a safiyar nan: nawa, da na Malam Tanko na Kamazou, da wasu biyu. Dukkanmu huɗun daga rumfar Oga Nedu muka fito. Ban manta ba, kai ma na san ba ka manta ba, don kai ka riƙe wa Malam Garba kan babur ɗina yana juya notin.

A nan zan ɗauki nawa laifin tun kafin wani ya miƙo mini. Ni da na kwana na tashi cikin injuna, na san abin da ke faruwa in an matse sarƙa fiye da kima. Da na tsaya a kan bakana, ko kuma na laɓe bayan gida na sassauta abina, da ba a kai ga wannan takarda ba. Kunyar idon jama'a ta hana ni. Na ce a raina hawa ɗaya ne, in mun kai sama na gyara.

Na uku, faɗuwar da gyaran.

Tun kafin Mayo Selbe na fara jin sarƙar tana wani irin ƙugi da ban san ta da shi ba. Muka fara hawa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san yadda take: kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, hazo yana yawo a ƙasanka. Ni da Malam Tanko ne a ƙarshen layi. A wata kwana tayar baya ta faɗa rami, babur ya nutse da nauyin kaya, sai na ji tas! Sarƙar ta tsinke, ta yi bulala ta fasa murfin inji, ta naɗe a taya. Taya ta ƙi juyawa, babur ya kwashe ni muka yi ƙasa. Allah ya so ɓangaren dutse na zame. Da ɗaya ɓangaren ne, da yanzu matata Maman Rifkatu tana zaman makoki, ku kuma kuna tara mata gudummawa.

Na tashi da targaɗe a hannun dama, gwiwa ta kwaile, baƙin mai yana ɗiga daga inji. Ku kun yi gaba da motar, ba ku san abin da ake ciki ba. Malam Tanko ne ya tsaya, Allah ya saka masa. Muka kira ka, wayarka ba ta shiga. Sai muka kira Oga Nedu.

Sabis na waya a wurin nan sai an hau wani dutse da ke gefen hanya. Malam Tanko, da tumbinsa da komai, shi ya dinga hawa yana jin bayani, ya sauko ya aikata, ya sake hawa. Na ƙirga, sau bakwai. Oga Nedu yana coci lokacin, fitowa ya yi ya tsaya a waje. Tambayarsa ta farko ita ce ko ina numfashi, ko kaina ya bugu. Ta biyu ya ce a duba masa fenti. Malam Tanko ya duba, ɗigo biyun nan sun yi hannun riga, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. Ya ɗauki hoto, hoton yana wayata har yanzu, da ranar da lokacin a jikinsa. Oga Nedu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, an taɓa. Bari mu fitar da ku daga wurin nan tukuna."

Ya ce a ɗaga kujerar babur ɗina. A ƙarƙashinta, an naɗe da baƙin salatif, ga mahaɗin sarƙa sabo, ga ƙaramin zarto na goge ƙarfe, ga gam ɗin ƙarfe mai bututu biyu. Ni mai babur ban san suna wurin ba. Ashe duk wanda zai yi doguwar tafiya haka yake yi masa, ba ya ko faɗa. Ya koya wa Malam Tanko yadda zai goge kan ƙusar gaɓar da ta lalace, ya buge ta da dutse ta fita, ya sa sabon mahaɗi, bakin makullinsa yana kallon baya. Ya ce a kwantar da babur a gefe don mai ya gudu daga wurin da ya fashe, a wanke da fetur, a kankare, a kwaɓa gam a shafa, kuma kar wanda ya taɓa shi sai an yi awa guda ko da sama za ta faɗo. Muka zauna muna kallon gam yana bushewa, wani bawan Allah mai ɗauke da ayaba a mashin ya tsaya ya yi mana sannu, ya yanko mana nono guda ya wuce.

Kafin ya kashe waya ya ce Malam Tanko ya hau nasa babur ɗin da kayansa, ni in taɓa sarƙar. Na taɓa da hannun hagu. Kamar tsirkiyar baka take, ko motsi ba ta yi. Nan take muka sassauta ta. Da kuka dawo da mota bayan awa biyu, saƙonsa na farko da muka isar shi ne a sassauta sauran biyun, aka kuwa sassauta a gabanka. In ana neman wanda ya hana gawa sauka daga dutsen nan a ranar, to yana Kakuri, a tsaye a ƙofar coci da waya a kunne.

Malam Garba ne ya hau babur ɗina ya ƙarasa da shi Gembu, ni ina mota. Da muka sauka ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ka yafe ni, ni mota na sani." Na yafe masa a take, har ga Allah. Gam ɗin nan da mahaɗin nan kuwa su suka dawo da ni har ƙofar gidana a Mahuta.

Na huɗu, taron da aka yi, da shirun da na yi.

Asabar ɗin da ta biyo bayan dawowarmu, a inda muka saba haɗuwa a Sabon Tasha, ka miƙe ka ce kwamiti ya bincika ya gano jabun sarƙa aka sa wa Baba Kudenda, kuma daga ranar kada ɗan ƙungiya ya ƙara kai babur wurin Nedu. Wane kwamiti? Yaushe ya zauna? Wa ya zo ya ga sarƙar? Guntun da ya tsinke yana cikin gwangwanin madara a ɗakina, babu wanda ya taɓa cewa in kawo a gani.

Ina wurin, hannuna mai targaɗe a ɗaure. Malam Tanko ya zungure ni, na sunkuyar da kai. Zan faɗi dalili, ko da ba zai wanke ni ba. Ka yi mini alheri a Gembu. Kai ka kai ni wurin mai ɗori, ka zauna har aka gama, ka bar mini ɗakinka da bargonka a cikin sanyin nan. Na kasa tashi in ƙaryata ka a gaban mutane. Na ce a raina maganar za ta bi iska. Wata huɗu ke nan ina jin kunyar kaina. Maman Rifkatu ta gaji da juye-juyena, ranar nan ta ce, "Baban Rifkatu, in ba za ka faɗa ba ka daina damuna da tsaki." Gaskiyarta. Alherinka yana wuyana, zan kuma ci gaba da gode maka, amma ba da sunan wani zan biya shi ba.

Na biyar, inda maganar ta kai shi.

Ku kuna ganin mutum talatin ne kawai suka daina zuwa. Ba haka ba ne. Mu ne allon tallarsa. In 'yan acaɓa da masu kai saƙo suka ga manyan babura jere a ƙofar rumfa, sun san akwai hannu a wurin. Da muka janye, labari ya canza baki, ya zama wai Nedu ya sa wa wani dattijo jabun kaya ya faɗa rami ya mutu. Ni ɗin nan da nake rubutu an yi ta'aziyyata a Kakuri, mai shayi ya gan ni ya kusa zubar da butarsa. Wani mai sayar da kayan gyara da suka shekara ashirin suna hulɗa ya ce masa ya daina aiko masa da mutane.

Ranar Talata na je rumfar, karo na farko tun da aka yi abin. Rumfar da a da sai ka yi layi, na same shi zaune a kan benci yana jera sifanu cikin akwati. Ya ce ya gaya wa mai wurin zai mayar da mabuɗi ƙarshen wata, zai koma gida. Na ce saboda rashin aiki? Ya ce, "Oga Ishaya, yunwa ba ta kore ni ba. Amma a garin da 'ya'yana suka tashi, a ce ubansu ya sayar da ran mutum saboda sarƙa? Ba zan iya ba." Na ba shi haƙuri a kan shiruna. Ya ce ba komai, ya kawar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na shida. Alhaji, wannan ba na so in rubuta shi, amma dole ce.

Muna cikin magana ruwa ya sauko, na matsa can ciki don kar in jiƙe, na jingina da wani abu da aka lulluɓe da tamfol. Tamfol ya zame. Ranka ya daɗe, babur ɗinka ne. Na san shi kamar yadda na san nawa, ga lotsawar tanki ta hanyar Lokoja, ga tutar ciyaman a gaba.

Oga Nedu ya taso da sauri ya mayar da tamfol. Sai da na matsa masa ya ce direbanka ne ya kawo shi a akori-kura ranar Lahadi da sassafe, lokacin da layin babu kowa, da saƙon cewa a rufe shi kar a gani. Birkin baya ne yake riƙewa, an kai wurin mutum biyu sun kasa, ga tafiyar Obudu ta matso. Ya karɓa, ya gyara, ya rufe kamar yadda aka ce. Har roƙona ya yi kar in faɗa, wai sirrin mai kaya amana ne, na kuwa yi masa alkawari. Oga Nedu, in an karanta maka wannan, ka yafe ni, na karya maka alkawari. Na yi shiru sau ɗaya ya ishe ni.

Haba Alhaji! Mutumin da ka ce yana sa jabun kaya, shi ka miƙa wa birkinka? Ka hana mu zuwa ta ƙofar gaba, kai ka zagaya ta baya? Ashe ka san gaskiya. Wanda ya yarda bakanike maha'inci ne ba ya ba shi abin da zai taka a gangaren dutse. Kuskuren Serti kuskure ne, kowa yana yi, ni ma da nawa a ciki, kuma da niyyar kare mu ka yi shi. Abin da ba kuskure ba shi ne ɗora shi a kan wanda ba ya wurin, don kawai ba shi da kujera a taronmu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa.

Ka janye dokar nan da bakinka, a taro da kuma guruf, ka faɗi cewa a Serti aka ɗaure sarƙar, bisa umarninka, babu kaya a kan babur. Ba sai ka ƙara komai ba. Ba wanda zai raina ka, ni ne ma zan fara miƙewa in tafa maka.

Daga yau duk binciken da za a yi kafin hawa, a yi shi kaya suna ɗaure, mai babur yana zaune a kai. Kujerar bakanike a motar rakiya kuma a ba wanda babur ne sana'arsa.

Na ƙarshe, kar ka aiko direba. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zan kasance a rumfar da babur ɗina, da hoton fenti, da gwangwanin madara. Malam Tanko zai zo, Malam Garba ma ya ce in an kira shi ba zai ƙi ba. Ka zo da ƙafarka, rana tsaka, layin yana cike da mutane, ka yaye tamfol ɗin nan da hannunka, ka gaisa da mutumin, ka tayar da babur ɗinka kowa ya ji ƙararsa daga ina ta fito. Wannan kaɗai zai yi abin da takarda goma ba za ta yi ba. In ka zo, na tabbata mabuɗin nan ba zai bar aljihunsa ba. In ba ka zo ba, ni dai ina nan, kuma duk wanda ya tsaya ya tambaya zan ba shi labari tun daga Serti. Kwana tara ya rage wata ya ƙare.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama shugabancin nan da mutuncinka. Allah ya kai ka Obudu ya dawo da kai lafiya. Ban ma damu da gangaren can ba, na san birkinka zai kama, don na san wanda ya gyara shi.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Naka a hanya,
Ishaya, Baba Kudenda,
Mahuta, Kaduna.